Baitin Ƙarshe a Gonar Barira

Abin da ke cin Haladu Mai Gurmi a rai ba tsufa ba ne, ba kuma 'yan di-je da suka ƙwace musu gidajen biki a Haɗeja ba, ko da yake su ma yana da ta cewa a kansu. Abin da ke cin sa shi ne, tun da ya shirya bakandamiyarsa, wato waƙar da ya zuba duk basirarsa a ciki, ba a taɓa samun ɗan Adam ɗaya da ya ji ta har ƙarshe ba.

Waƙar da tsawo, wannan kam ko shi bai musa ba. Tana ɗauko kogi tun daga sama, ta biyo shi gari-gari, ta gaida masunta, ta gaida masu kwalekwale, ta tsaya ta zagi kacala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, sannan ta shiga lissafo kifaye da sunayensu, har da waɗanda aka daina gani. A gidan biki, kafin ta kai kan tarwaɗa an fito da abinci. In an daure ta kai ragon ruwa, sai a kira sallah. Ranar da ta fi yin nisa, ana tsakiyar gaiwa rumfa ta faɗo wa dangin ango a ka, taro ya watse.

Baitin ƙarshe kuwa na Barira ne, matarsa. Akwai wata magana da ya daɗe yana son faɗa mata, amma ina! Namiji da furfurarsa ba zai zauna gaban matar da suka tara jikoki tare ya buɗe mata cikinsa ba, sai ka ce ɗan fim. Sai ya ɗauki maganar ya ajiye a can ƙarshen waƙa, yana jiran ranar da za ta iso kunnenta da kanta. Ita kuwa Barira ba ta da abin da ta tsana kamar gurmin nan. Shekarar da ambaliya ta shigo musu gida, ita ce ta fito da shi a kanta, ruwa ya tafi da kwanukan jerenta kaf. Har yau in aka taɓo zancen sai ta yi tsaki ta ce, “A ruɗe nake. Ludayina na zata, da na san wannan tsiyar ce da na bar wa kifi.”

To, ko abokan kiɗansa biyu ba su san baitin ba. Modu mai kalangu, wanda iyayensa suka taso daga bakin Tafkin Chadi, hannunsa ba ya haƙuri, da an yi nisa sai ya ƙara gudu kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ya'u mai amshi da kaɗa caki shi kuma kullum sai ya shigo kafin a gama layi. Da ɗayansu ya kuskure, Haladu zai daki ƙasa da ƙafa ya daka tsawa, “Kai! Haa! A sake!” Sai a koma tun daga saman kogi. Haka bitarsu take, ba su taɓa wuce gargaza ba.

Munzali ne ya kawo shawarar. Shi ne mai rumfar cajin waya da tura waƙoƙi a bakin kasuwa, magidanci mai iyali, amma da bakin tsiya.

“Baba,” ya ce, “zamanin jiran gayyata ya wuce. Ku zauna ku yi bitarku yadda kuka saba, ni in ɗauka a waya. In ta shiga memori, babu mai fito da abinci a tsakiyarta.”

A ransa Haladu ya hango Barira zaune tana tsinar shinkafa, waƙa na tashi daga wayar maƙota, ba ta da yadda za ta yi sai ta ji. Ya ce, “Yaushe?”

Aka fara a zauren Haladu da hantsi. Kayan aikin ba su da yawa. An kawo turmi, an tsayar da taɓarya a ciki an tokare ta da tsumma, an ɗaure waya a kan taɓaryar da robar tayar keke. Munzali ya cire safarsa ɗaya ya sa wa bakin wayar, wai don kada iska ta shiga. Ya'u ya ce shi dai ba zai yi wa safar wani amshi ba sai an wanke ta. Aka wanke, aka jira ta bushe. Modu ya ce an karkatar da taɓarya wajen gurmi, son kai ne. Aka matsar. Haladu ya ce yanzu kuma ta koma gaban kalangu, waƙar wa aka zo ɗauka? Ana ta ja da turmi gaba da baya, Barira ta aiko a ba ta kayanta za ta yi daka.

Da aka samo turmin aro, Munzali ya danna ya ɗaga hannu. Ya'u ya tuɓe hula, ya rusuna wa wayar ya ce, “Salamu alaikum, barka da hantsi.”

“Wa kake gaisarwa?” in ji Haladu.

“Maigida, ai ba a fara wa mutum waƙa ba a gaisa ba.”

Ba su kai bakin masunta ba injin markaɗen maƙota ya tashi. Da injin ya tsaya, akuya ta shigo ta tsaya gaban taɓarya ta faɗi albarkacin bakinta. Aka kore ta, mai tallar manja ya tsaya a ƙofa, shi kuma ba ya tafiya sai an ce masa ba a saye, in an ce ba a saye kuma maganar ta shiga waya. Munzali ya tattara kaya ya ce gari ba wurin aiki ba ne, fadama za su.

Washegari suka hau kwalekwale da turmi da taɓarya da komai. Suka wuce gonakin rani inda injinan ban-ruwa ke ta surutu, suka kutsa cikin kacala har suka sami wani ɗan tudu da ruwa ya kewaye. Tsit, sai ɗan motsin ganye. Munzali ya kafa turmi, ya danna, ya ce kowa ya mance da waya, kada wanda ya taɓa ta, shi zai je ya jefa ƙugiya. Abin da aka ɓata duka zai yanke daga baya.

Wayyo, ranar Haladu ya yi faɗa! Sanin cewa ana ɗauka ya sa kunnensa ya ƙara kaifi, su kuma kuskurensu ya ƙaru. A yi layi uku masu daɗi, sai “Kai!” A yi nisa har mutum ya saki jiki, sai “Haa! A sake!” Wani lokaci tun ba a fara ba ya daka tsawar, don ya ga alamar kuskure a fuskar Ya'u. Har faranti ya samu a cikin kwalekwale yana bugawa da takalmi. Da rana ta take Munzali ya dawo ba kifi, ya duba waya ya ce caji ya ƙare tuntuni, amma an samu abin da aka samu.

Yankewar da ya yi alkawari ba ta yiwu ba. Kwana biyu da haka wani manomi ya kawo memori a cika masa da duk abin da ke da ƙara, Munzali yana hira ya kwashe komai ya zuba masa, har da bitar fadama ɗanyarta.

Ba a jima ba abu ya fara ba Haladu mamaki. Zai wuce ta kasuwar kifi, sai wani daga cikin rumfa ya ɗaga hannu ya ce, “Malam Haladu! A sake!” Masu acaɓa su danna ham su ce, “A sake!” Har mata masu awara suna rufe baki suna faɗa. Kowa ya san abin da a sake ke nufi a bakin 'yan kallo, waƙa ce ta yi daɗi ana son ƙari. Haladu ya je wurin Munzali, Munzali ya ƙi haɗa ido da shi, ya dai ce wallahi ba a taɓa neman wani abu a rumfarsa kamar wannan ba, daga Miga ake zuwa, daga Kaugama, jiya ma wani ya taso takanas daga Jahun da memori cike da aljihu.

Haladu ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya sa aka wanke babbar rigarsa aka buga. Ya fara amsa gaisuwa da ɗaga yatsa biyu. Ya ce wa Barira, “Kina zaune da mutum ba ki san ko wane ne ba.” Ta dube shi sama da ƙasa ta ci gaba da tankaɗe.

Rannan wani babban manomin shinkafa mai suna Alhaji Abdulmannan ya tsayar da babur a gabansa, ya sauko ya kama hannunsa da hannu biyu.

“Malam Haladu, Allah ya saka da alheri. Ka ceci bayin Allah. Kullum tun asuba muryarka muke sawa, har faɗuwar rana.”

“Jama'a na taruwa?”

“Taruwa? Ai ba ka ga yawansu ba. Sai sun rufe rana.”

Haladu ya ce lallai a kai shi ya gani, gani ya kori ji. Ya hau bayan babur da babbar riga tana kaɗawa.

Suka isa gonakin rani, shinkafa ta fid da kai, kore shar har iyakar gani. Ba rumfa, ba tabarma, ba mutum ko ɗaya sai masu gadi jefi-jefi. A tsakiyar kowace gona an kafa gora, a kan goran an rataye 'yar sifika da faifan sola. Daga can gabas sai ga jan-baki sun taso, tsuntsayen nan masu cinye gona kafin mai ita ya gama salati, sun yi baƙi ƙirin a sama. Suka karkato, suka fara sauka a gonar Alhaji, gurmi na tashi a hankali daga sifika. Kwatsam sai muryar Haladu ta tsage fadama, “Kai! Haa! A sake!” Faranti ya biyo baya. Tsuntsaye suka tashi fir, suka faɗa gonar gaba. Can ma wani Haladun ya tarbe su. Suka yi yamma, Haladu na uku yana jiran su da takalmi.

“Ka gani?” in ji Alhaji yana murna. “Mun gwada gwangwani, sun saba. Mun gwada rediyo, har labarai suke tsayawa ji. Amma kai ba a saba maka, don ba wanda ya san lokacin da za ka fashe. Ni kaina da nake jin ka kullum, jiya sai da na zubar da kunu.”

Kunya da baƙin ciki suka rufe Haladu. Ashe duk a saken nan da ake yi masa a kasuwa, shi ake kwaikwayo. Ya tuɓe babbar rigar ya naɗe ta a hammata, ya ce a mai da shi gida.

Kwana da kwanaki bai taɓa gurmi ba. Sannan wata safiya ya aika aka kira Modu da Ya'u da Munzali. Munzali ya shigo yana sosa ƙeya zai fara ba da haƙuri, Haladu ya ɗaga masa hannu.

“Za mu koma tudun nan. Ka zo da abin da zai riƙe caji har gobe. Ku kuma ku ji da kyau. Modu, in ka ga dama ka yi gudu har Tafkin Chadi. Ya'u, ka shigo inda ranka ya so. Na rantse ba zan ce kai ba, ba zan ce haa ba. Ni dodon gona ne da za a rataye ni a gora?”

Suka koma, da turmi da wankakkiyar safa. Ya'u ya gaida waya, ba wanda ya tanka masa. Aka ɗauko kogi daga sama. Wajen masu kwalekwale Modu ya fara sauri, Haladu ya ciji leɓe har jijiyar wuyansa ta tashi, bai ce komai ba. Abin mamaki, da Modu ya ji tsawa ba ta zo ba, sai ya dawo hanya da kansa. Ya'u ya shigo da wuri sau ɗaya, ya rufe ido yana jiran faranti, shiru, daga nan bai ƙara ba. Suka wuce tarwaɗa, suka wuce ragon ruwa, suka wuce gargaza suka shiga inda ba su taɓa takawa ba, su biyun suna bin sa da kunne kawai. Da aka kai baitin ƙarshe, Modu ya sassauta hannu har kalangu ya koma kamar numfashi. Ya'u kuwa amshin ma sai da ya maƙale masa. Aka gama, ba wanda ya dubi wani. Modu ya share ido da hula ya ce hayaƙin kacala ne, alhali ba wanda ya kunna wuta.

Sabuwar ɗauka ta fito tas. Munzali ya tura wa mutum biyu don gwaji, kashegari suka dawo da ita suna faɗa, wai wannan ai kiran tsuntsu take yi, a ba su mai masifar. Ba wanda ya ƙara nema. Wayar maƙota ba ta taɓa rera ta ba, balle ta kai kunnen mai tsinar shinkafa.

Ita ma Barira tana da 'yar gonarta ta gado a bakin fadama, kuma tata shinkafar ta fid da kai. Ta gaji da jan igiyar gwangwani, kafaɗa ta riƙe. Ta aro sifika wajen 'yar ƙanwarta, ta tsaya a kan Haladu.

“Malam, duk garin nan kowa na cin moriyar faɗanka sai ni da na fi kowa shan sa. Ka je wurin yaron nan ya sa maka a memori. Mai a saken nake so, ka ji ko?”

Haladu ya je. Munzali ya tambaye shi wacce, ya faɗa masa. Munzali ya buɗe baki, Haladu ya zuba masa ido, ya rufe.

Da sassafe suka tafi gonar tare, abin da suka daɗe ba su yi ba. Shi ya kafa gora, shi ya rataye sifika, shi ya danna. Suka koma rumfar gadi a gefe, inda igiyar gwangwanaye ta ƙare. Gurmi ya fara, kogi ya taso daga sama. Jan-baki ma suka taso.

Na gaba suka sauka a bakin kunya, a ɗarare, suna jiran abin da suka sani. Ba tsawa. Suka ƙara matsowa. Na baya suka ga na gaba lafiya, suka zubo. Kafin a gama gaida masunta, gonar Barira ta koma ruwan ƙasa, kowane kan shinkafa ya sunkuya da tsuntsu a kai.

“Malam, ina faɗan?”

“Yana gaba.”

Aka zagi kacala, aka shiga kifaye. Barira ta miƙe tsaye.

“Malam, wace ce ka kawo mini?”

Ta kai hannu ga igiya. Haladu ya riga ta, ya dafe igiyar.

“Barira, don girman Allah. Saura kaɗan.”

“Saura kaɗan me? Shinkafar ko waƙar? Muna kan tarwaɗa fa! Na san waƙar nan, ko rabi ba a yi ba!”

“Ban taɓa roƙon ki komai ba.”

“Ka roƙe ni turmi!”

Amma ta dubi fuskarsa, ta ga abin da ba ta saba gani ba, tsoro ne ƙarara. Ta fizge igiyar daga hannunsa, ta naɗe ta a nata, ba ta ja ba. Ta ce, “To. Yau dai sai na ji abin da ke ƙarshen wannan jarabar, in ya so a kai mu asibitin mahaukata tare.”

Suka tsaya. Ragon ruwa ya wuce, gaiwa ta wuce, ƙaiƙayi na zubowa kamar yayyafi. Masu gadin gonakin maƙota suka taso suna ihu suna nuna musu, Barira ta ɗaga musu hannu su tsaya inda suke. Haladu bai taɓa tara masu sauraro irin na yau ba, kuma ba wanda ya tashi don an fito da abinci, da yake a kan abincin suke zaune. Shi dai ba su yake kallo ba.

Kalangu ya sassauta. Muryarsa ta fito daga kan gora, a hankali:

Shekarar da ruwa ya ci gari,
Kowa ya ɗau abin da ya fi so.
Wata ta bar wa kogi jerenta,
Ta ɗora gurmina bisa kai,
Ta ce wai ludayi ta zata.
Barira, ludayi ba shi da tsarkiya.
Na sani, kin sani, kogi ya sani.
Ban ce na gode ba, ga ta yau.

Gurmi ya yi 'yan taku biyu ya tsaya. Sifika ta yi shiru. Tsuntsaye suka ɗan jira, da suka ga ba ƙari, kuma ba sauran abin ci, suka tashi gaba ɗaya suka nufi gonar Alhaji Abdulmannan, inda aka jiyo wani Haladun yana yi musu maraba.

Barira ta daɗe tana kallon karan da aka bar mata. Igiya na nan naɗe a hannunta har ta yi mata shaida. Ta sa bakin mayafi ta goge fuska, ta ja hanci.

“Malam,” ta ce, muryarta a dishe, “mutum ya rasa inda zai ajiye magana sai bayan kifi kaf na kogi? Da a farko ka sa ta, da yanzu muna da shinkafa.”

Haladu ya sunkuyar da kai. Ya tashi zai je ya sauke sifika, ta riƙe masa gefen riga.

“Ina za ka? Ai ba sauran abin da za su ci.” Ta zauna a kan tabarmar rumfa, ta gyara ɗaurin zane, ba ta dube shi ba. “A sake.”